Rufin da Na Yi wa Malam Badamasi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Alhamis, 25 ga Ramadan 1445, daidai da 4 ga Afrilu 2024, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Badamasi Manu a gidansa da ke Kurgu. Shekarunsa saba'in da huɗu. An kai shi makwancinsa kafin a sha ruwa. Ya bar matarsa Inna Asma'u, da 'ya'ya huɗu, da jikoki goma sha ɗaya, da ɗimbin ɗaliban da ya koya wa labarin ƙasa a sakandare a Bagudo tsawon shekara talatin. Ni ɗaya ne daga cikinsu.

Malam, yau kwana ashirin da uku ke nan. Sau uku ina fara wannan rubutu ina yagewa, ba don na rasa abin yabonka ba. Duk wanda na rubuta sai ya fito sumul, ya tsallake abin da ya kamata in faɗa. A wurin zaman makoki an yi ta haɗa sunana da naka, ana sa mini albarka saboda rufin kwanon da na yi wa ɗakinka. A cikin ɗakin nan ka cika. A cikinsa kuma Inna ta shiga takaba, ta yi kwana goma sha uku tana zaune, alhali na san abin da ɗakin yake yi wa mutum da rana tsaka. Na auna, na rubuta da hannuna, sannan na yi shiru don kada a janye yabon. Zan faɗi yadda abin ya faru bi da bi, da ranakunsa. Amma wanda bai san ka ba, ba zai gane nauyin abin ba, don haka bari in fara da kai.

Na shiga ajinka a 1998. Darasin farko ba a cikin aji ka yi shi ba. Ka fito da mu filin makaranta wajen ƙarfe ɗaya na rana, ka ce kowa ya dafa ƙasa da tafin hannunsa. Ba wanda ya iya ƙirga goma. Sannan ka ce mu ɗaga hannuwan sama. Ka tambaye mu wanne ya fi zafi, ƙasa ko iska. Muka ce ƙasa. Ka ce to mu riƙe wannan: rana ba iska take fara gasawa ba, ratsa ta take yi ta zo ta gasa ƙasa, ƙasa kuma ta gasa iskar da ke kwance a kanta. Shi ya sa in mutum yana hawa sama, sanyi yake tararwa.

Akwai wani a ajinmu, Ɗanliti, wanda ba a faɗin magana ta wuce bai taɓa ta ba. Ya ce, "Malam, wanga zance bai hau ba. Wanda ya hau sama ai ya matsa kusa da rana."

Ka dube shi ta saman tabarau, ka ce, "Ɗanliti, ƙanƙarar da ta fashe maka goshi bara, daga murhun gidanku ta faɗo?"

Har muka gama makaranta ana kiransa Mai Ƙanƙara.

Washegari ka zana mana duniya a allo, ka kewaye ta da layuka. Ka ce iskar da ta lulluɓe mu hawa-hawa take. Hawan ƙasa shi ne namu: a cikinsa muke numfashi, a cikinsa gajimare yake haɗuwa, hadari ya taso, guguwa ta yi ta'adinta. Ka ce duk da haka ba shi da wani kauri, da za a kwantar da shi a kan hanya, mai keke zai ƙure shi tsakanin hantsi da azahar. Na sama da shi shiru yake, kuma a nan akwai abin da ke tace hasken rana kamar rariya, ya tare ɓangaren da ke ƙona fata da ido. Na gaba da wannan, a nan duwatsun da ke faɗowa daga sararin sama suke ƙonewa, mu kuma mu hango mu ce tauraro ya faɗi. Daga nan iskar sai ƙara sirancewa take yi, har ba wanda zai nuna maka inda ta ƙare. Ka ajiye alli, ka ce, "Allah bai yi muna rufi falle ɗaya ba. Kowane hawa da aikin da shika yi." Na kwafe wannan magana a bayan littafina. Na ci jarrabawa da ita.

Darasin da ya fi zama mini a kai shi ne na hanyoyin da zafi yake bi. Wurin mai ƙosai ta bakin makaranta ka kai mu. Ka sa matsamin ƙarfenta a mai, ka ce wani ya riƙe ƙotar, ba a jima ba ya sake ta: zafi yana bin ƙarfe ya tafi. Ka nuna hayaƙin murhu yana miƙewa sama: iskar da ta yi zafi ba ta zama ƙasa, tashi take yi, mai sanyi ta shigo ta maye gurbinta, muddin ta sami ƙofa. Sannan ka ce mu matso da fuska kusa da wutar ba tare da mun taɓa komai ba, muka ji tana dukan kumatunmu: abu mai zafi yana jefo zafinsa daga nesa. Hanya uku. Mai ƙosai ta ce in an gama karatu da kayanta sai a yi ciniki. Ka sa aka zuba wa kowa guda biyu.

Manoma ma ɗalibanka ne, ko da yake ba su zauna a benci ba. Ƙarshen bazara sukan tare ka a kasuwa su tambayi labarin ruwa. Kakan ce musu iska biyu ke kokawa a kanmu, busasshiya daga arewa da mai laima daga teku. Mai laimar tana tasowa daga wajen Kwatano, ta ratso ƙasar Benin gaba ɗaya, ta shigo mana ta Tsamiya, kuma tun da kake ba ka taɓa ganin ta tsaya a shingen kwastan ba. Wani dattijo daga Kaoje ya taɓa ce maka, in ruwan daga kudu yake zuwa, me ya sa hadari daga gabas yake taso mana? Ka ji daɗin tambayar har ka ba shi goronka. Ka ce ta ƙasa ce ke kawo laimar, amma akwai wata can sama mai tahowa daga gabas, ita ke tura hadarin. Ranar shuka kuwa ba ka taɓa yanke wa kowa ba. "Ni malamin makaranta ne," in ji ka, "ba boka ba."

Da na gama sakandare a 2001 mahaifina ya rasu, karatu ya tsaya, na koma fadamar shinkafa a Kaoje. Na daina bin hanyar makaranta don kada mu haɗu. Ranar ƙarshe ta shekarar sai ga ka a kan keke, ƙafar wandonka duk laka. Ba ka yi mini wa'azi ba. Ka ciro ma'aunin zafi da littafi mai kaurin bango, ka ce kullum ƙarfe biyu na rana in auna a inuwa, in rubuta, in ƙara da inda iska ta fito da yadda sama take. Na ce me zan yi da shi? Ka ce, "Jami'a ta kuɓuce maka, Sufyanu. Sama tana nan." Yanzu ina cikin littafi na ashirin da uku. Ranakun da na tsallake ba su kai arba'in ba, na duba. Wannan ɗabi'a ita ta riƙe ni a shekarun da nake ganin kaina ba kowa ba. Ita ce kuma yau take ba da shaida a kaina.

Ɗakinka tsohon soro ne, katanga mai kauri, rufin azara da ƙasa. Can sama kusa da rufin akwai 'yan tagogi uku, ko wanne bai fi a zura hannu ba, biyu a gabas, ɗaya a yamma. Ko a tsakiyar bazara in an shiga, sai a ji kamar an kusanci randa. A daminar bara, cikin Agusta, kusurwar rufin ta zauna, ruwa ya zubo a kan littattafanka. Na tarar da kai kana shanya su ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma, kana raba shafukan da suka manne da bakin wuƙa. Tun ranar na ƙudurta zan yi maka rufin da ba ya yoyo. Wannan niyya, iya sanina, mai kyau ce. Abin da ya biyo baya ne ban san yadda zan kira shi ba.

A watan Janairu aka kai ka Birnin Kebbi aikin ido, ka zauna mako uku a gidan 'yarka Safina. Na ga dama ta samu. Ban shawarce ka ba, don ina so ka dawo ka tarar. Inna na gaya wa kawai, ita kuma ta ce in dai alheri ne, to. Na ɗauko Damilare, kafintan da ya yi shekara ashirin a Bagudo. Muka sauke tsohon rufin, ya hau katangar da awonsa, ya sauko yana girgiza kai.

"Oga Sufyanu, katanga ya yi gajere. Ka ƙara bulo layi biyu, ka sa silin. In ba haka ba Baba zai dahu a ciki, wallahi."

Na ce ranar Juma'a kake dawowa, babu lokaci, silin sai daga baya.

"To ramukan nan na sama fa? Ka bar su."

Na ce ta nan ɓeraye da jemagu suke shiga su ɓata littattafai. Na sa aka toshe su da siminti. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ni ne mai aiki.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa gaggawa ce ta ja. Na koma shafin Janairu a littafina in ga ko haka ne. Ga abin da na tarar na rubuta ranar da aka buga ƙusa ta ƙarshe: "An gama. Ana hango shi tun daga kan titi." Ban rubuta cewa ba zai yi yoyo ba. Ana hango shi, shi ne abin da na rubuta.

Ka dawo da bandeji a ido ɗaya. Unguwa ta taru. Ka tsaya a tsakar ɗakin ka ɗaga kai, ka daɗe kana kallon kwanon, wanda in ka miƙa hannu za ka taɓa shi. Sannan ka juya gabas, ka juya yamma.

"Ina 'yan tagogina?"

Na gaya maka zancen ɓeraye.

"To," ka ce. Sai ka kama hannuna a gaban mutane. "Allah Shi yi maka albarka. Yadda ka rufa mini, Allah Shi rufa maka asiri."

Lokacin sanyi ne, ɗakin bai nuna halinsa ba.

Azumi ya kama a tsakiyar Maris, zafin bana kuwa kowa ya san yadda ya yi. A littattafaina ashirin da uku ban sami mako irin na ƙarshen watan nan ba. Ranar Alhamis 28 ga Maris na biyo ta Kurgu daga gona. Ƙarfe biyu ta same ni a ƙofar gidanka, sai na auna a gindin dogonyaron da ke waje: arba'in da uku. Na yi sallama na shiga. Zafin ya doke ni a tsakar ka kamar an kife mini kasko. Kana zaune a tabarma, ka jingina da bango, da jiƙaƙƙen tawul a wuya, kana bin Alƙur'ani da sabon idonka. Inna ta yayyafa ruwa a daɓen, har ya bushe. Muna gaisawa na ajiye ma'aunin a kan teburinka, don hannuna ya saba. Da zan tashi na duba. Arba'in da takwas.

Ka gan ni ina dubawa. Ka ce, "Nawa ya ce?"

Na ce, "Kusan ɗaya da waje, Malam."

Ka yi ɗan murmushi, ka ce, "To, madalla."

Malam, kai ka koya mini karanta ma'aunin nan. Ƙarfe yana shan rana ya miƙo zafinta ciki. Kwano mai zafi yana jefo shi a kan wanda ke ƙarƙashinsa. Iskar da ta yi zafi tana neman ƙofa a sama, ni kuwa na toshe ƙofofin da siminti. Duk hanya ukun da ka nuna mana wurin mai ƙosai na tara maka su a ɗaki ɗaya, sannan na dubi idonka na yi maka ƙarya a kan lamba. Na ce ka riƙa fita gindin itace da rana. Ka ce gwiwa ba ta son yawan tashi. Na karɓi wannan amsa da sauri, don ta yi mini daɗi.

A littafi na rubuta gaskiya: "Ɗakin Malam, 48. Silin bayan Sallah." Ina da dalilai. Shinkafar rani tana tsakiyar shan ruwa, injin ban-ruwa ya lalace, Damilare yana wani aiki a Dole Kaina. Duk gaskiya ne. Amma fasa simintin tagogi uku aikin guduma ne na rabin awa, kuma akwai guduma a gidanka. Abin da ya hana ni, in na ɗauke ta, dole in faɗi dalili.

Bayan kwana bakwai Inna ta shiga ta tashe ka don la'asar ta kusa, ta same ka a jingine yadda na bar ka rannan. Ma'aikacin lafiyar da aka kira ya ce zuciya ce, ga hawan jini, ga azumi, ga shekaru, ga zafin gari. Bai ambaci rufi ba. Na yi imani ajali ba ya gaba, ba ya baya. Ban san ko da kana cikin tsohon soronka za ka ga Sallah ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Abin da na sani shi ne lambar da na gani da amsar da na ba ka.

Ranar addu'ar uku Liman ya yi magana a kan ɗalibi na gari. Ya ce a dubi Sufyanu, wanda bai bar malaminsa ya koma ga Allah a ƙarƙashin rufi mai yoyo ba. Mutane suka juyo suna cewa Allah Ya saka. Na sunkuyar da kai, aka ɗauka kawaici ne.

Inna tana da nata ɗakin na jinka a ƙuryar gida, amma ta kwaso tabarmarta ta dawo naka. Ta ce inda ka zauna, nan za ta zauna har ta fita takaba. Na ji wannan tun rana ta biyu. Kullum ƙarfe biyu ina aunawa a inuwar gidana, in rubuta arba'in da biyu, arba'in da uku, in ƙara biyar a zuciyata, in rufe littafin. Sallah ta zo ta wuce. Na ce sai an yi bakwai, kada a ga ana buge-buge a gidan makoki. Aka yi bakwai. Na ce sai baƙi sun ragu.

Ranar Talata 16 ga Afrilu Safina ta kira ni bayan la'asar. Ta ce Inna ta yanke jiki ta faɗi, sai da aka kwara mata ruwa ta farfaɗo, kuma ta ƙi barin ɗakin. "Yaya Sufyanu, ko za ka zo ka yi mata magana? Kai take jin nauyi, tunda kai ka yi ɗakin."

Washegari da hantsi na tafi da littafin. Na zauna a bakin ƙofa, asabari a sake tsakanina da Inna. Safina tana gefe, da ƙanen Inna, Kawu Ango. Na yi gaisuwa, na yi ta'aziyya. Sannan na buɗe shafin Janairu na karanta, na faɗi abin da Damilare ya ce da abin da na ce masa. Na buɗe 28 ga Maris na karanta. Na faɗi tambayar da ka yi mini da amsar da na ba ka. Ban tsallake komai ba.

Kawu Ango ya fara cewa ai kowa da kwanansa. Inna ta katse shi daga ciki.

"Bari, Ango. Sufyanu, ka gama?"

Na ce na gama.

"Kana zaton bai sani ba? Rannan kana fita ya ce mini, yaron ga ya ga arba'in da bakwai ko da takwas, ya ji kunya. Na ce to ka kira shi ka faɗa mishi. Ya ce a'a. Wai ka yi abin kirki gaban jama'a, in ya ce ka ɓata, ba ka ƙara yi ma kowa. Na ce to taho ɗakina da rana. Ya ce in anka zo gaishe shi anka iske shi cikin jinka, mi za a ce da aikinka? Gwiwa! Wace gwiwa? Mutumin da ke zuwa masallaci sau biyar?"

Ta ci gaba:

"Shi yana jin kunyarka, kai kana jin kunyar mutane. Ni ce mai ɗibar ruwa daga randa ina zuba ma ƙasa, sau shida a yini, da azumi a bakina. Ku biyun duk masu ilimi. Ni ban yi boko ba, amma na san tanda in na shige ta."

Na ce ta yafe mini, kuma don Allah ta koma ɗakinta. Kawu Ango ya ƙara da cewa takaba a gida aka ce, ba lalle sai a ɗakin ba.

"Na sani. Ba ni fita. Shekara arba'in da shida muna tare, nan ƙamshinshi yake. Kai ka ɓata ɗakin, kai za ka gyara shi ina ciki."

A ranar na fasa tagogin da hannuna. Inna ta matsa kusurwa, Safina ta lulluɓe littattafanka da zane. Da na huda na yamma, na sa fuskata a bakin ramin daga waje, iskar da ta fito ta sa na kauce. Washegari Damilare ya zo. Bai ce mini ai ya faɗa ba, na kuwa so ya faɗa. Ya buga silin daga ciki. A waje muka kafa sanduna a kan kwanon, muka bar tazarar taki ɗaya don iska ta ratsa, muka shimfiɗa zana, muka bi da shuci. Ya ɗaure komai da waya ninki biyu ta gefen gabas, ya ce hadarin farko ba ya wasa.

Kwana biyu muna kan rufin, kuma gidan a bakin hanya yake. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Kai Sufyanu, kowa na sauke ciyawa shi sa kwano, kai kana sa ma kwano malafa?" Aka yi dariya. Na sauko daga tsani na gaya masa dalili, tun daga farko. Dariyar ta tsaya. Haka na yi wa na biyu da na uku. Da Liman ya zo na gaya masa shi ma, na ce maganar da ya yi ranar uku ba ta same ni ba. Ya ce Allah Ya sa mu dace, ya wuce. Akwai waɗanda gaisuwarsu ta canja tun daga ranar. Ban ga laifinsu ba. Yanzu in ka taho daga titi ba abin da ke ƙyalli, sai tulin ciyawa a kan gajeriyar katanga.

Ranar Asabar 20 ga wata, ƙarfe biyu, na auna a gindin dogonyaro: arba'in da biyu. Na miƙa wa Safina ma'aunin ta shiga da shi, na jira minti goma. Talatin da bakwai. Na sa ta sake, don ban yarda da sau ɗaya ba. Talatin da bakwai. Na faɗa wa Inna ta bayan asabari.

Ta ce, "Ni ban san lamba ba. Jiya dai na yi barcin rana."

Na sake roƙonta gafara.

"Abin da ke tsakaninka da shi, ka kai ma Allah. Shi kam bai tafi da kai a zuci ba, wannan na shaida. Nawa kuwa, ban iya ce maka na yafe yau, ƙarya za ni yi. Bari in fita takaba. Ka zo ka zauna inda nika ganin fuskarka, mu yi magana."

Takabarta za ta cika a farkon watan Safar. Zan je. Ban san abin da za ta ce ba, kuma ba ni da ikon in gaggauta ta.

Ya Allah, ga bawanKa Badamasi ɗan Manu ya zo gare Ka da azumi a bakinsa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya makwancinsa. Ilimin da ya bari a kawunanmu, Ka sa ya zame masa sadaka mai gudana, kada Ka rage masa lada saboda ɗalibin da ya sani bai yi aiki da shi ba. Kawaicin da ya yi mini, Ka saka masa da Aljannar Firdausi. Ni kuma Ka yafe mini ƙaryar da na yi masa da shirun da na yi bayansa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Asma'u, da Safina da 'yan'uwanta, da Kawu Ango, da jikoki, da jama'ar Kurgu, da duk wanda ya taɓa zama a ajin Malam. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya ba Inna lafiyar kammala takabarta. Wanda ya sa mini albarka a wurin makoki saboda rufin nan, ina roƙonsa ya mayar da addu'ar ga mai ita.

Allah Ya jiƙan Malam. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Sufyan Arzika
Bagudo, 27 ga Afrilu 2024